Wa Zai Aske Kawu Idi?

Shekaranjiya muka rubuta fefar ƙarshe. Wallahi da na ajiye biro ji na yi kamar an sauke min buhun siminti daga wuya. Farar rigata ba inda ba a zane da biron maka ba, har wani mara kunya ya rubuta min "saura aure" a gadon baya. Mun yi ihu, mun sha hotuna, mun cika keke napep huɗu muna zaga gari ana danna hon kamar masu ɗaukar amarya. Sai jiya na ce bari in leƙa Kwadon in gaya wa Kawu Idi, ƙanin kakata, cewa jikansa ya zama giraduwet. To tun da na dawo murnar nan ta ƙi zama. Wata tatsuniyar Dada ce kawai take min yawo a kai, shi ya sa na zauna nake danna wannan, ko za ta sake ni.

Dada ita ta haifi Babanmu. A gidanmu na Pantami ta ƙarasa rayuwarta, shekara uku ke nan, Allah ya ji ƙanta. Lokacin da nake firamare madafinmu wata rumfar kwano ce a ƙarshen tsakar gida. In damina ta zauna, an idar da magariba, masu wuta sun ɗauke abarsu kamar kullum, Mama ta sauke tuwo, to garwashin da ya rage na Dada ne, ba mai taɓa mata. Sai ta jera ɗanyar masara a kai, ta ja kujerarta 'yar tsugunno, ta ɗauki murfin kwano tana fifita. Ni da yayata Adda Hauwa da yaran maƙota biyu mu kewaye ta, ruwa na buga kwano, hayaƙi na shiga ido, ba wanda ya damu.

"Kai mai gidana, matsa can," haka take ce min. "Miji ba ya liƙe wa murhu, sai a ce na fi ƙarfinka."

"Ai kin fi ƙarfin nawa, Dada."

"Ji mara zuciya. Gobe zan nemi takardata."

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa, ƙafarta duk laka." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta wanke ta shigo!" Tana da su da yawa, na kura, na aljanu, na yarinya mai tallan nono, amma akwai ɗaya da take yawan dawowa kanta har muka fara ƙorafi. Ta wanzamai biyu.

Wai a wani gari akwai wanzamai biyu, Dogo da Gajere, kuma ba sa shiri ko kaɗan. Dogo ya ce askar Gajere ko dafaffiyar kabewa ba za ta yanka ba. Gajere ya ce kafin Dogo ya gama sunkuyowa ya iso kan mutum, gashin da ya aske bara ya sake tsirowa. Amma duk garin a hannunsu yake. Jariri in ya kwana bakwai su ke masa askin farko. Tsoho in ciwo ya kwantar da shi su ke bin shi har shimfiɗa su gyara masa kai da gemu, kar masu dubiya su same shi a hargitse. Jajiberin sallah kuwa marayun gari layi suke yi, ba mai tambayarsu komai.

Nan Dada za ta ɗaga murfin kwanon ta nuna mu da shi. "Ku saurara da kyau. Wanzami ba ya ɗora wa kansa aska, don ba ya ganin ƙeyarsa. Kuma ba ya miƙa kansa ga wanda ba wanzami ba. Ɗan'uwan sana'a ne ke aske shi, ba a biya, ba a godiya. Haka aka gada."

Saboda haka duk bayan kasuwa biyu sai ka ga Dogo da Gajere a gindin tsamiya. Wannan ya cire hula ya sunkuyar wa maƙiyinsa wuya, wancan ya wasa aska. Ana aski ana zagi. "Tsaya da kyau mana, kai kamar tulun da ya faɗi." "Kai dai yi a hankali, na san hannunka, hannun mai sassabe." Shekara da shekaru, ko ƙwarzane ɗaya ba wanda ya taɓa yi wa wani. In Dada tana kwaikwayon muryoyinsu har kwanciya muke don dariya.

Sai Dogo ya mutu. Wata ɗaya, wata biyu, kan Gajere ya cika. Ya rataya zabirarsa, jakar fatar nan da wanzamai ke zuba kayan aiki, ya fara bin gida gida. Ya je wa manomi ya ce, "Ni na aske ka ranar sunanka, na aske 'ya'yanka bakwai. Ba ni ɗaya in koya masa." Manomi ya ce gona ta yi yawa bana, Allah ya kawo wani. Ya je wa mai tireda, ya ce yaron shi ke jiran shago, Allah ya kawo wani. Ya je wa malami, ya je wa mahauci. Wannan wurin shi muka fi so, don mu ke ba da amsar. Dada za ta ce, "Sai mahauci ya ce masa me?" Mu kuma mu kwarara ihu muna tafi, "Allah ya kawo wani!"

Gashi ya yi ta sauka har ya rufe wa Gajere ido, ya daina ganin kan da zai aske. Mutane suka fara cewa wanzamin da kansa ya zama daji me zai gyara wa wani. Sai ya koma gindin tsamiya ya zauna, askarsa a kan cinya.

Daga nan Dada sai ta hau juya masara.

Adda Hauwa ba ta da haƙuri. "Dada, sai me?"

"Sai masara ta gasu."

"Haba Dada, wannan ai ba ƙarshe ba ne. Ba wani yaro da ya zo? Ko aljani?"

"Ni ma ƙarshen nake jira. Baƙuwa ta ɗaura zanenta ta tafi, ku tura ƙofa."

A lokacin ban taɓa haɗa tatsuniyar da Kawu Idi ba, duk da gajere ne har ana tsokanarsa. Shi ne wanzamin gidanmu, shi ya aske ni, ya aske Adda, ya aske Babanmu ma yana jariri. Daga Kwadon yake tahowa a kan tsohon kekensa na ƙafa, zabira a kafaɗa, kansa kullum sumul yana ƙyalli kamar an shafa mai. A can kowa ya san shi. Akwai wani mai taɓin hankali a kasuwarsu da ba mai iya matsarsa, Kawu kaɗai yake zaunar da shi ya aske shi yana masa hira. In ya je askin suna ya ga idon jariri ya yi rawaya, ba ya ɓoyewa, zai ce wa uban a wuce asibiti yau, kar a jira a ci naman suna, wani lokacin ma shi ke raka su. Da ma'aikatan lafiya suka zo suka yi musu bayanin cututtukan da aska ke ɗauka, shi ya fara yawo da ɗan tukunya yana dafa askarsa a gaban mai gida kafin ya taɓa kowa. Akwai kuma wani wanzamin a garin, Baba Tanko, dogo siriri, wanda in Kawu ya ambace shi sai ya yi tsaki tukuna.

Ina aji biyar na firamare, ana saura kwana biyu a ba da dogon hutu, da la'asar Baba ya dawo daga ofis yana cire takalmi, Dada ta tare shi a tsakar gida. Ina gefe ina wanke sandal ɗina.

"Ka ba ni Nura ya je Kwadon ya yi hutu wajen Idi. Ya riƙe masa zabira, ya ga yadda ake yi."

"Dada, yaron nan boko zai yi."

"Na ce ka cire shi daga bokon ne? Hutu na ce."

"'Ya'yan Kawun fa?"

"Ɗaya yana jan keke a Nasarawo, ya ce kar a sake masa maganar. Ɗayan ya tafi kudu, ko waya sai da sallah."

"To masu gadon sun gudu, sai nawa? Zamanin aska ya wuce, Dada. Kowane lungu salun ne yanzu. Ki bar shi kawai, Allah zai haɗa shi da mai so."

Dada ta rabu da shi. Ni ta juyo ta kalla. "Mai gidana, kai fa? Za ka?"

Gaskiya zan faɗa, abin da ya faɗo min a rai shi ne 'yan ajinmu. In suka ji na yi hutu ina rataye da zabira, sunana ya zama ɗan wanzam har in gama makaranta. Sai na ce, "Ni gasar ƙwallo za mu yi a hutu, ni ne gola."

"To," in ji ta. "Allah ya ba da sa'a, gola."

Ta ci gaba da ba mu tatsuniya har muka girma muka fara gudun madafin, amma ta wanzamai biyu ba ta sake fitowa daga bakinta ba. Ni har daɗi na ji, na ce an huta da mara ƙarshe.

Ga inda abin yake ba ni kunya. Ina aji biyu a jami'a harka ta yi tsauri, sai na sayi kilifa mai caji na fara yi wa 'yan ɗakinmu aski. Kafin a gama zangon duk hostal an san ni, Oga Kilifa. In na yi maka fed na ja maka layin goshi, wallahi sai ka rantse da rula na auna. Ranar Juma'a da safe layi ake a ƙofar ɗakina, ina yi ina jin kiɗa a kunne, shaf shaf, na gaba. Gayu na cewa hannuna baiwa ce. Ban taɓa cewa kowa kakana wanzami ne ba, kuma shekara uku ina wannan ban taka Kwadon ba.

Jiya da hantsi na sauka a tasha, na hau acaɓa har ƙofar gidan. Na same shi a zaure kan tabarma, ana wannan zafin amma ya sa hular sanyi ya kuma naɗa rawani a kai. Idonsa duk biyun sun yi fari.

"Kawu! Nura ne na Pantami! Na gama, digiri cas a hannu!"

"A'a, mijin Yaya ne? Madalla, madalla. Me aka koya maka?"

"Kimiyyar siyasa."

"To. Allah ya sa ana cin abinci da ita."

'Yarsa Goggo Ladi, wadda ke kula da shi tun rasuwar matarsa, ta kawo min ruwa, ta yafito ni soro na ciki. A hankali ta gaya min Baba Tanko ya rasu bara kafin azumi, kuma tun daga ranar ba abin da ya taɓa kan Kawu. Ta roƙe shi ta kira yaron salun har gida, ya ce ba inji a kansa. Ta ce ko almakashi ta sa masa, ya ce ita ba wanzamiya ba ce. "Juma'a ma ya daina zuwa, Nura. Tsoro yake hula ta zame a sujada a ga kan wanzami haka. Mutumin da sahun farko yake."

Da muka koma zauren, don ta faranta masa, sai ta ce, "Baba, ai Nura ma aski yake a makaranta. Hauwa ta nuna min a waya."

Da kun ga fuskar tsohon nan. Ya miƙe zaune kamar an ja shi da igiya. "Da gaske? Hannun ya faɗo maka? Ashe Yaya ba ta yi asarar baki ba. Ladi, zabira! Sa ruwa a wuta, kawo sabulu."

Ya warware rawanin, ya cire hular. Gashi fari fat, ya cukurkuɗe, ya sauko har kan kunne. Ban san sanda na kawar da ido ba. Goggo ta dafa askar ta kawo. Hannunsa na rawa, amma da ya kama ta ya fara gogawa a fata sai rawar ta tsaya cak. Ya gwada bakinta a farcensa, ya miƙo min ta ƙota.

Na fara rage gashin da almakashi, na jiƙa, na goga sabulu. Nan duk na iya. Sai aska.

"Ja fatar da babban yatsa," in ji shi. "Kwantar da ita, kar ka tsayar. Ita za ta yi tafiyar, kai rakiya ce taka."

Na ja sau ɗaya. Jini ya fito a kan farin kumfa, siriri. Ko motsi bai yi ba.

"Ci gaba. Kowa da haka ya fara."

Na sake ja, na sake yanka shi, wannan ya fi na farko. Na janye askar, ni da nake aske mutum goma kafin a kira sallah.

"Kawu, ba zan iya ba. Ban taɓa riƙe aska ba."

Ya ce, "To da me kake yi a can?"

Kilifar tana jakata, ba na rabuwa da ita. Na fito da ita na kunna don ya ji. Zauren ya cika da ƙugi. Goggo Ladi ta dafe baki, ta san abin da ya sha faɗa. Na ɗauka zai ce in kashe. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kai dai jininmu ne. Yi da abin da ka iya."

Minti biyar ban kai ba. Na goge masa jinin, na kakkaɓe wuyansa. Ya ɗaga tafin hannu ya shafa daga ƙeya zuwa goshi, a hankali, ya sake shafawa.

"Da saura."

"Kawu, iyakarta ke nan. A kan sifiri na sa ta."

"Na sani. Allah ya yi maka albarka." Ya laluba ya mayar da hularsa.

Zuciyata ta yi zafi, na ce to ya koya min yanzu, ai na gama makaranta, ina da lokaci. Ya yi 'yar dariya. Ya ce a kan duma ake farawa, a shafa masa sabulu kana kankarewa, damina biyu kafin a yarda a ba ka kan mutum. "Kuma sai da mai kallon hannunka yana gyarawa. Ni ko fuskarka ban gani ba, muryar ubanka na ji." Ban ma gaya masa ba da jimawa za a tura mu bautar ƙasa ba, ko ina ne, ban sani ba.

Muna nan wani maƙocinsu ya tsaya a kan mashin, ya yi sallama, ya miƙo goro. An yi masa haihuwa, suna ranar Asabar, a zo addu'a.

"Masha Allah. Wa zai yi askin?" in ji Kawu.

Mutumin ya sosa wuya. "Yaron salun ɗin nan na bakin tasha, Baba."

Kawu ya gyaɗa kai. Sai da mashin ya tashi sannan ya ɗaga murya, "Ka ce masa ya lura da maɗiga, nan tsakar kai inda ke motsi, kar ya danna!" Mutumin ya riga ya sha kwana. Kawu ya lalubo gwiwata. "Nura, ka bi ta tasha ka faɗa masa. Kar ka manta."

Na bi. Shagon a kulle, ba wuta, yaron ya fita. Na bar saƙon wajen wata mai suyar awara a gefen shagon, ta ce to, idonta na kan kaskonta.

A mota ina dawowa nake ta juya abin. Da ina yaro na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kar ka raina abokin faɗanka, wata rana shi zai riƙe maka kai. Haka na taɓa rubutawa ma a wani aikin gida na Hausa, malam ya ba ni maki mai kyau. Ashe Dada ba darasi take koyarwa ba. Roƙo take. Tsohuwa ce da ta hango abin da zai sami ƙaninta tun saura shekara goma sha, ba ta da gona, ba ta da iko da ɗan kowa, garwashi kawai gare ta da yara huɗu masu jiran masara. Ta ba mu labarin ba ƙarshe ko ɗayanmu zai ji haushi ya ce shi zai je. Mu kuma wurin ƙin ne ya fi mana daɗi, har da tafi. Ba na ganin laifin Baba, abin da ya faɗa gaskiya ne, zamanin ya wuce. Amma mutumin bai wuce ba, yana nan zaune a zaure. Ya yi shekara sittin yana bin gidajen mutane don kar a ga kowa a hargitse, kuma a duk garin da danginsa ba a samu hannu ɗaya da zai yi masa abin da ya yi wa kowa ba. Nawa hannun ma da ya fi kusa, latti ya yi, kuma abin da ya koya daban.

Yau Juma'a. Bayan an sauko na kira Goggo Ladi, ina ta addu'a a raina, ko banza dai gashin ya sauka.

"Goggo, ya je masallaci?"

Ta ce, "Ya yi wanka tun da wuri, ya sa babbar rigarsa, har ya ce in miƙo sanda. Sai ya cire hula ya shafa kan."

"Sai me?"

"Sai ya cire rigar ya ce in ninke."